Tsiron Sababbin Jijiyoyin Jini a Ƙwaƙwalwar Tsoho Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma ita kaɗai take cin wajen kashi 20 cikin 100 na iskar da jini yake ɗaukowa daga huhu. Ba ta kuwa da rumbun ajiya. Idan gudan jini ya toshe wata jijiya, ko kuwa jijiyar ta fashe, wurin da take shayarwa yakan soma mutuwa cikin 'yan mintoci. Wannan ita ce cutar shanyewar ɓarin jiki, kuma toshewar ce ta fi yawa.

Yadda jiki yake gyara

Tsakiyar wurin da ya mutu ba ya farfaɗowa. Amma a kewayensa akwai yankin da jini yake isa kaɗan-kaɗan, watau ya galabaita amma da sauran rai. Misalinsa kamar lambu ne wanda magudanar ruwansa ta toshe: wani fangali ya bushe ƙurmus, na gefensa kuwa sun yi yaushi, in aka haƙa musu sabuwar hanya sai su tashi.

Ƙwayoyin wannan yanki, in iska ta yi musu ƙaranci, sukan fitar da wani sinadari da ake kira VEGF, wanda Napoleone Ferrara ya ware a Amurka a 1989. Shi yake sa jijiyoyin da suka tsira su yi rassa ƙanana, sirara fiye da gashi. Akan soma ganinsu cikin 'yan kwanaki, su yi makonni suna ƙaruwa. A 1994 Jerzy Krupinski da abokan aikinsa suka duba ƙwaƙwalwar waɗansu da cutar ta yi ajalinsu, suka tarar waɗanda suka fi yawan ƙananan jijiyoyi a gefen raunin su ne suka fi jinkiri a duniya.

Abin da tsufa yake jawowa

In shekaru suka yi nisa, jijiyoyi sukan yi tauri, ƙananan kuma su ragu. Hawan jini da ciwon sukari suna ƙara ɓata su. Gwajin da aka yi da tsofaffin ɓeraye ya nuna tsiron yakan makara, kuma ba ya kai na matasa yawa. Amma fa yana nan, bai ɗauke ba.

Har yanzu babu wani magani da likitoci suka amince da shi domin tsirar da jijiyoyin nan. A wani gwaji na shekarar 2000, ɓerayen da aka ba VEGF awa ɗaya bayan toshewa jijiyoyinsu sun yi yoyo, raunin ya ƙaru, waɗanda aka ba bayan kwana biyu kuwa sun amfana. Saboda haka a yi hattara da mai tallar maganin da ya ce yana wannan aiki.

Abin da ya kamata a yi

1. In aka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a kai mutum asibiti nan da nan. Allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa huɗu da rabi ake yinta.

2. A dinga auna hawan jini da sukari, a sha magani yadda likita ya ce, a rage gishiri, a bar taba.

3. A soma motsa gaɓoɓin majiyyaci da zarar likita ya ba da izini. An ga ɓerayen da ake sa wa gudu suna samun ƙarin ƙananan jijiyoyi a ƙwaƙwalwa, kuma yawancin sauƙin ɗan Adam cikin wata uku na farko yake samuwa.

Don haka kada a kwantar da dattijo a ɗaki a ce shekaru sun riga sun gama da shi. Jikinsa yana gyara a hankali, yana kuwa bukatar 'ya'ya da jikoki su tashe shi zaune, su kama shi ya taka, yau da gobe.