Darasi na 18: Gandun dajin W

Gandun dajin W yana kudu maso yammacin Nijar, kimanin kilomita 150 daga Yamai. A wurin ne kogin Isa ya yi lanƙwasa mai kama da harafin W, shi ya sa aka ba dajin wannan suna. Ƙasashe uku ne suka raba shi: Nijar da Benin da Burkina Faso. An keɓe shi a 1954. A 1996, UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya.

Lokacin da hanya take lafiya, baƙi sukan bi ta Sayi su shiga ta Tapowa. Ba a shiga sai da ɗan jagora. Ba a ihu, ba a kunna wuta, ba a sauka daga mota sai ya ba da izini.

Da rani aka fi ganin namun daji. Ciyawa ta bushe, tabkuna sun ƙafe, dole kowace dabba ta zo bakin ruwa. Da sassafe gwanki da mariya sukan zo a tsorace, suna kaɗa kunne. Sai ɓauna garke guda. Giwa kuwa ba ta gaggawa: ta sha, ta watsa ruwa a bayanta, sannan ta tura ɗanta gaba. Kada yana kwance kamar icce. Zaki yana da wuyar gani, sau da yawa sawunsa kawai ake tararwa. Tsuntsaye sun fi iri 350. Amma kada a nemi raƙumin dawa a nan: shi a Kure yake.

W da Arli da Panjari su ne babbar mafakar da ta rage wa giwaye da zakuna a Afirka ta Yamma. Mafarauta suna kashe giwa saboda haurenta. Gobara tana cin ciyawa da ƙananan itatuwa. A ƴan shekarun nan kuma ƴan bindiga sun shiga dajin, sun kashe masu tsaronsa, baƙi suka daina zuwa.

Kalmomi: giwa, l'éléphant; zaki, le lion; ɓauna, le buffle; kada, le crocodile.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake ce masa W?
2. Don me aka fi ganin namun daji da rani?
3. Tambayi wani tsoho a garinku: waɗanne namun daji ya gani yana yaro, waɗanda babu su yanzu?