Kwantar da Yaro da Dare

Ya ku iyaye, ku sani yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin sa'a 11 zuwa 14 a yini da dare. In ya rasa, sai kuka da rigima, har a duke shi a kan laifin da ba nasa ba.

Domin haka ku tsayar masa da lokaci ɗaya kowane dare. Ku ciyar da shi, ku yi masa wanka, ku yi gajeriyar addu'a tare, kana ku kwantar da shi cikin gidan sauro. Kada ku tsorata shi da dodo, gama tsoro yana korar barci, ƙarya kuwa tana ɓata amana. In ya tashi, ku komar da shi da haƙuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.