Amosanin Jini: Asalinsa da Yadda Ake Gadonsa

1.0 Gabatarwa

Amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila a asibitoci, ciwo ne da ya daɗe yana addabar Hausawa da maƙwabtansu. A da, akan danganta shi da sanyin ƙashi ko iska ko sammu, saboda yadda yake tasowa ba zato ba tsammani, ya lafa, sannan ya sake dawowa. Wannan darasi zai dubi ciwon ta fuskar kimiyya, domin ɗalibi ya fahimci inda ya samo asali, da yadda yake bin zuriya. Manufa ita ce malamin gobe ya iya warware wa ɗalibansa da iyayensu wannan al'amari cikin Hausa mai sauƙi.

1.1 Jajayen Ƙwayoyin Jini

Jinin ɗan'adam ruwa ne da ke ɗauke da ƙwayoyi iri-iri, kuma mafi yawansu su ne jajayen ƙwayoyin jini. A cikin ɓargo ake ƙera su. Kowace ƙwaya tana da siffar faifai mai ɗan kwarmi a tsakiya, faɗinta kuwa bai wuce kashi 8 cikin 1,000 na milimita ba. Aikinta shi ne ɗauko iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Abin da ke riƙe mata iskar wani furotin ne mai ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda ake kira himogulobin, kuma shi ne ya ba jini launin ja.

Lafiyayyar ƙwaya tana da laushi. Takan tanƙwara ta ratsa siraran hanyoyin jini waɗanda suka fi ta ƙanƙanta, sannan ta koma siffarta. Takan yi kimanin kwana 120 tana wannan aiki kafin saifa ta kawar da ita.

1.2 Tushen Ciwon

A shekarar 1910 ne wani likita a birnin Cikago na Amurka, James Herrick, ya wallafa bayanin wasu ƙwayoyin jini masu kama da lauje da aka gani a jinin wani ɗalibi. Daga sunan lauje a Ingilishi aka samo kalmar sikila. A 1949, Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin na masu ciwon ya bambanta da na sauran mutane. Zuwa 1957 kuwa, Vernon Ingram ya gano ainihin inda bambancin yake.

Ana iya kwatanta furotin da tsakiyar dutsen ado, inda aka jera duwatsu bi da bi. Waɗannan duwatsu su ne sinadaran amino. Himogulobin ya ƙunshi silili huɗu, biyu ana kiransu alfa, biyu kuma beta. Kowane silin beta yana da sinadaran amino 146. A jinin mai sikila, na shida a jerin ne kaɗai ya sauya, inda balin ya maye gurbin gulutamik. Sauran 145 ɗin duk suna nan yadda suke.

Wannan ɗan sauyi shi ne ummul'aba'isin ciwon. Da zarar irin wannan himogulobin ya saki oksijin ɗin da yake ɗauke da shi, sai ya riƙa mannewa da 'yan'uwansa, su zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar. Daga nan sai ƙwayar ta sandare, ta lanƙwashe kamar lauje.

1.3 Alamomin Ciwon

Abubuwa biyu ne ke biyo bayan wannan lanƙwasa. Na farko, ƙwayar ba ta daɗewa, domin takan mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Ɓargo ba ya iya cike gurbin da sauri, saboda haka sai a sami ƙarancin jini da kasala, idanu kuma su yi ɗorawa irin na shawara. Na biyu, sandararrun ƙwayoyin sukan toshe ƙananan hanyoyin jini. Duk sashen da jini ya kasa isa gare shi sai ya kama ciwo mai tsanani, musamman ƙasusuwa da ƙirji da ciki. A wurin jarirai akan ga kumburin hannuwa da ƙafafu. Idan toshewar ta auku a ƙwaƙwalwa, tana iya haddasa shanyewar ɓarin jiki, ko da kuwa yaro ne ƙarami. Saifa ma takan lalace tun da wuri, abin da ke sa ƙwayoyin cuta su sami galaba a kan yaron. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi da gajiya mai yawa suna daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

1.4 Yadda Ake Gado

Ba a ɗaukar amosanin jini ta hanyar cuɗanya ko abinci. Gadonsa ake yi, kuma daga iyaye biyu. Kowane mutum yana karɓar ƙwayar gado ɗaya ta himogulobin daga uwa, ɗaya daga uba. Ana yi wa lafiyayyar alama da A, mai sauyin kuma da S. Wanda ya gaji AA ba shi da ciwon. Mai AS yana ɗauke da irin, amma galibi lafiyarsa ƙalau. Mai SS shi ne mai ciwon. Akwai kuma nau'in C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma haɗuwarsa da S tana haifar da ciwon. Wannan rabe-rabe daban yake da rukunin jini na A da B da O da ake dubawa wajen ƙarin jini.

Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, biyu cikin huɗu na AS, ɗaya cikin huɗu na AA. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, su ɗauka cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne tak zai kamu. Lissafin sabo ne a kowane ciki. Saboda haka ana iya haifar uku a jere masu ciwon, ana kuma iya haifar shida babu ko ɗaya. Wannan ya nuna cewa ɗora wa uwa laifi ita kaɗai ba shi da tushe.

1.5 Dalilin Yawaitarsa a Afirka

A 1954, Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi masu AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Ke nan, a inda zazzaɓin ya yi katutu, masu ɗauke da irin sun fi rayuwa har su hayayyafa, shi ya sa ya yaɗu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da irin, kuma ana haifar yara kimanin 150,000 da ciwon a kowace shekara.

1.6 Kulawa da Rigakafi

Mai sikila yana iya yin karatu da sana'a da aure idan ya sami kulawa. Ana buƙatar gano ciwon tun yana jariri, a cika masa allurar rigakafi, ya yawaita shan ruwa, ya kwana a gidan sauro, a kuma garzaya da shi asibiti da zarar ya yi zazzaɓi. Likitoci kan ba yara fenisilin don kare su daga ƙwayoyin cuta, da maganin haidirokziyuriya mai rage yawan tasowar ciwon. Dashen ɓargo yana warkarwa, kuma a 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin gyaran ƙwayoyin gado, sai dai tsadar waɗannan hanyoyi ta fi ƙarfin mafi yawan iyalai. Don haka gwajin jini kafin aure ya zama hanya mafi sauƙi. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta wannan gwaji ga masu niyyar aure.

1.7 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga yadda sauyin sinadari ɗaya cikin 146 yake sauya siffar ƙwayar jini, har ya shafi rayuwar iyali baki ɗaya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Gwajin ya fi amfani idan an yi shi tun kafin magana ta yi nisa, a kai kuɗin aure ko a sa rana.

Jinga

1. Bayyana bambancin lafiyayyar ƙwayar jini da ta mai sikila.
2. Idan mai AA ya auri mai SS, wane irin himogulobin 'ya'yansu za su gada?
3. Tattaro kalmomin kimiyya biyar daga darasin, ka nuna waɗanda aka aro da waɗanda aka ƙirƙira.