Yadda Ake Haɗa Akwatin Ɗalibin Makarantar Kwana

Akwatin ɗalibin makarantar kwana kaya iri biyu yake ɗauka: waɗanda za su kai ƙarshen zango, da waɗanda ba za su wuce wata guda ba. Shekarar karatu a Nijeriya zango uku ce, kowanne na ɗaukar kimanin makonni 12 zuwa 13, kuma a watan Satumba ake buɗe ta. Katifa da bokiti da littattafai na zango ne, wasu ma na shekaru. Gari da sukari da sabulu kuwa ana auna su ne daga ranar da aka shiga ƙofar makaranta zuwa ranar ziyara, wadda a makarantu da yawa sau ɗaya take zuwa a wata, ranar Asabar ko Lahadi. Wanda bai raba lissafin nan biyu ba, ko dai ya cika akwati da abin da zai lalace, ko ya bar yaro hannu rabbana tun mako na uku.

Al'adar ba sabuwa ba ce a Arewa. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, makarantar kwana ce. Haka makarantar Midil ta Kano ta 1927 da ta zama Kwalejin Rumfa, haka makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka kafa a 1977. Kayan cikin akwatin sun sake kama, tocila mai caji ta gaji fitilar ƙwai, amma tsarin haɗa shi bai canza sosai ba.

Aikin yana farawa ne daga takardar da makaranta ta bayar, ko dai tare da takardar ɗaukar sabon ɗalibi ko tare da sakamakon jarrabawar ƙarshen zango. A cikinta aka zayyana ranar dawowa, kuɗin da za a biya, launin tufafi da adadinsu, littattafai, da abubuwan da aka haramta. Wannan takarda ita ce alƙali a bakin ƙofa, saboda haka ana karanta ta tun makon farko na hutu. Kuɗin makarantun gwamnatin tarayya ta manhajar Remita ake biyansu, a buga shaidar biya. Sauran makarantu kowace da bankinta. Ana yin kwafin shaidar guda biyu, ɗaya ta tafi da ɗalibi, ɗaya ta zauna a gida.

Daga nan sai tela, domin shi ne ya fi kowa cin lokaci. Shirin zaune ya fi na tsaye: wanda ya kai yadi ana saura kwana huɗu a koma zai tarar da shagon cike da irin nasa. A Kano ana yanko yadi a Kantin Kwari, a Kaduna kuma teloli sun yi yawa a Kasuwar Barci. Ana ɗinka yunifom aƙalla biyu, kayan zaman ɗaki biyu masu launin gidan da aka sa ɗalibin, da fararen kaya na sallar Juma'a. 'Yan mata kuma a ƙara musu hijabai. Ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, mai shekara 11 ko 12, girma yake yi kamar masara a damina, don haka gwanin tela yakan bar ninki mai faɗi a ƙafar wando da gefen riga yadda za a iya saki a zango na biyu. Amma ɗinka wa yaro rigar da zai nutse a ciki da sunan ta kai shi aji uku ba tattali ba ne. Yadin yakan koɗe kafin jikin ya cika ta, kuma yaron ya sha tsokana a banza.

Sayayyar kasuwa ba ta buƙatar dogon bayani, sai dai sanin inda kowane abu yake. Mutumin Kano yakan nufi Sabon Gari don littattafai da kayan rubutu, Ƙofar Wambai don robobi da rigar sanyi ta gwanjo, Kasuwar Singa don sukari da madara da sabulu. Katifar ɗalibi tana da ma'auninta, ƙafa 6 a tsawo, ƙafa 2 da rabi a faɗi, daidai da gado mai hawa biyu. Sai zanin gado biyu, bargo, gidan sauro, bokiti, jarka, buta, darduma, kwanon abinci mai murfi, kofi, cokula biyu ko uku domin cokali ba ya daɗewa, tocila, tsintsiya, da fartanya ko lauje ga makarantun da ke nema. Littattafan rubutu masu warƙa 60 ko 80 ana sayensu dozin, ya fi sauƙi. Zango ma yana da hukuncinsa: na farko yana farawa da sauron ƙarshen damina ya ƙare da sanyin Disamba, na biyu yana farawa da hunturu ya ƙare da zafin Afrilu, na uku kuma na ruwan sama ne. Man kaɗanya ko basilin don kaushi da fashewar leɓe kayan zango na biyu ne; lema da ledar rufe littattafai na zango na uku.

Abin da ya fi cin hankali shi ne guzuri, kuma mafi yawansa a gida ake yinsa. Abincin makaranta sau uku ne a rana, amma tsakanin tuwon yamma, wanda ɗalibai ke kira gabza, da kokon safe akwai karatun dare da dogon barci, kuma cikin mai tasowa ba ya jira. Ƙa'idar guzurin ɗaya ce: abin da ya bushe shi ke kai wata. Shi ya sa garin kwaki ya zama sarkin akwati. Ba ya son wuta, ba ya son tukunya; a jiƙa shi da ruwa da sukari da madara ko gyaɗa ya zama abin sha, a yayyafa masa ruwa kaɗan a zuba mai da yaji da dakakken ƙuli ya zama kwaɗo. Ana zaɓen wanda ya soyu sosai, mai ƙaras-ƙaras idan an danƙa, a tankaɗe shi, a ƙara shanya shi yini guda kafin a ɗure. Kwano ɗaya zuwa biyu, ko mudu, ko tiya, gwargwadon ma'aunin garin, yakan isa ɗalibi ɗaya wata guda in ba shi da yawan baƙi.

Yaji shi ne abokin tafiyarsa, kuma a nan ake gane hannun kowace uwa. Ana daka barkono busasshe da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa, a haɗa da ƙuli-ƙuli da gishiri da ɗunƙule, a tankaɗe. Cokali guda na irin wannan yana tayar da wake da shinkafar da ta zo salam daga ɗakin girki. Sai soyayyen mai: man gyaɗa ko manja da aka soya da albasa har albasar ta yi ja ta daina ƙara, alamar ruwanta ya ƙone. In aka sauke da wuri, cikin mako guda zai canza wari. Haka dambun nama yake. Ana dafa naman da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, a daka a turmi, a soya a wuta marar ƙarfi ana juyawa har ya yi wasar-wasar, sannan a baza shi a faranti ya huce sarai. Ɗure shi da ɗumi shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin tururin da ya kwanta a murfi shi ke komawa ya haifar da fumfuna. Cincin, dubulan, alkaki, dakuwa, soyayyar gyaɗa da kilishi duk wannan hukunci ya hau kansu. Kowanne a robarsa mai murfin da ke kamawa, sukari kuma a ninka masa leda saboda kiyashi.

Yana da kyau a tambayi ɗalibin abin da ya fi so tun kafin a hura wuta. Wani ƙuli ya fi masa kilishi, wata ba ta haɗa Milo da komai ba, wani kuma biskit ɗin Cabin kawai yake nema. Abin da ba ya so musanye zai yi da shi ko ya bayar, kuma wahalar uwar ta tafi ga ɗan wani.

Ana saura kwana biyu ko uku a tafi, sai a koma kan jikin ɗalibin. Namiji ya yi aski ƙasa-ƙasa, ya yanke farce. Mace a wanke mata kai, a duba ƙwarƙwata, a yi mata ƙananan kitso irin wanda makaranta ta yarda da shi kuma zai daɗe bai tsufa ba; a lissafa mata audugar mata ta wata biyu maimakon ɗaya, don kada ranar ziyara ta goce. Mai sikila ko asma ko farfaɗiya yana tafiya da takardar likita da maganinsa, a damƙa su ga ma'aikacin ɗakin shan magani na makaranta baki da baki. Ɓoye irin wannan lalura don gudun magana ganganci ne, domin tana iya tashi da tsakar dare, lokacin da iyaye ke nesa. Tsohuwar katifa kuma ana shanya ta a rana mai zafi, a bi ɗinkinta a duba kuɗin cizo.

Sai rubuta suna. Ɗalibi ɗari da bokiti iri ɗaya, da farar riga iri ɗaya a kan igiya ɗaya, ba sai an yi niyyar sata kaya ke sauya hannu ba. Akwatin ƙarfe da bokiti da fenti ake rubuta musu suna da lamba. Roba ana huda mata alama da ƙusa mai zafi. Tufafi kuwa zare da allura sun fi alƙalamin tawada, wanda wanki uku ke gogewa. A cikin wuyan riga da ƙugun wando ake yin ɗinkin. Kwaɗo biyu ake saye, na akwati da na loka, kowanne makullinsa ɗaya a rataye a wuya da igiya, na biyu a ajiye wurin malamin gida, wato malamin da ke kula da ɗakunan kwana.

Jera kaya a daren tafiya ya kamata ɗalibin ya yi da hannunsa, babba na zaune yana riƙe da takarda yana kira. Yaron da aka jera wa ba ya sanin abin da ya zo da shi, balle ya san abin da ya ɓata. Littattafai ne a ƙasa, a naɗe cikin leda. Tufafi a kai, an goge an ninke, da ƙwayar kafur a tsakani. Abinci a gefe guda ko a jaka daban, robar mai a tsaye, an shimfiɗa leda a bakinta kafin a murɗa murfi. Sabulu da omo ba sa kwana wuri ɗaya da gari; gari yana shan wari, kuma wanda ya taɓa shan kwaki mai ɗanɗanon omo ya san babu gyara. Su sai a cikin bokiti, tare da soso da takalmin wanka da buta. Kayan da za a sa da safe da shaidar biyan kuɗi a sama. Kwafin jerin kayan ana manna shi a cikin murfin akwati.

Ranar tafiya da sassafe ake fita. Ɗalibi ya zaga ya yi sallama da kakanni da maƙwabta, a sa masa albarka, a ce Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya, wani ya ɗan danƙa masa abin sayen alawa. Tun bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, iyaye da yawa ba sa barin yaro ya kama hanyar makaranta shi kaɗai, kuma sukan karɓi lambar wayar malamin gida kafin su juya. A bakin ƙofa malamai da shugabannin ɗalibai ke buɗe kowane akwati. Waya, wuƙa, ashana, abin dafa ruwa na lantarki da tufafin gida ana ƙwace su kusan ko'ina, wasu makarantun har da Indomie da abincin gwangwani. Kuɗin kashewa ba a barinsu duka a hannun ƙaramin ɗalibi. Ana ajiye su wurin malamin gida ko wani amintaccen malami, ya riƙa karɓa kaɗan-kaɗan, kuma a canza su zuwa ƙananan takardu.

Makonni huɗu bayan haka zagaye na biyu ya zo. Kayan ranar ziyara kashi biyu ne. Akwai na ci a take: shinkafa da miya, soyayyar kaza, waina, zoɓo ko kunun aya mai sanyi, waɗanda ba sa kwana. Ana yinsu da yawa da gangan, domin ɗalibi yana da abokan kusurwar ɗaki, kuma a kowane ɗaki akwai wanda garinsu ya yi nisa ba wanda ya zo masa. Rabon irin wannan yaro a cikin kular maƙwabcinsa yake. Akwai kuma na ciko: gari, sukari, madara, sabulu, biro, batir. Abin marmari yana bin wata: sabuwar gyaɗa da dafaffiyar masara a farkon zangon Satumba, rake da lemon zaƙi da soyayyar fara idan sanyi ya shigo, mangwaro a bazara, dabino da garin kunu idan azumi ya faɗo cikin zango.

Kafin a tashi, uwa ko yaya takan duba robobin da aka kwaso. Wadda ta dawo a wanke tas an ji daɗin abin cikinta, a ƙara yawansa. Wadda ta dawo da rabi a rage ko a sauya. Ana duba kan yaro ko akwai makero, a duba tsakanin yatsu ko akwai ƙazwa, a gwada takalmi ko ya matse, a leƙa littattafan rubutu a ga inda aka kwana. Abin da ya ƙare da wuri ana rubuta shi a takarda, ita ce ma'aunin wata mai zuwa. Ziyarar ƙarshe kafin jarrabawa kayanta kaɗan ne, daidai makonnin da suka rage, sai a haɗa da kuɗin mota da igiyar ɗaure katifa.