Ga Mai Son Karanta Kimiyyar Siyasa a Kwalejin Al'umma

Na daɗe ina koyar da kimiyyar siyasa a wata kwalejin al'umma a birnin New York, kuma kowace shekara ina samun 'ya'yanmu a aji, daga Kumasi, daga Maraɗi, daga Kano. Wata rana mahaifin wani ɗalibina ya zo ofis da kayan aikinsa na tuƙin tasi, ya zauna ya ce, "Malam, tsakani da Allah, siyasa har sai an karanta ta?"

Na ce, "Alhaji, ba kamfen muke koya masa ba." Muna koya masa yadda ake raba iko da yadda ake taka masa birki. Yaro zai san dalilin da ya sa majalisar dattawan Amurka ke da kujeru 100, ta wakilai kuma 435, ya kuma gane cewa tsarin shugaba mai cikakken iko da Najeriya ta ɗauka a 1979 daga nan aka kwaikwayo shi. Nakan tura ɗalibai zaman kwamitin unguwa, wanda New York ke da guda 59, su ji da kunnensu yadda ake jayayya kan haya da lasisin shago. Ɗan Alhajin ya dawo da shafi uku cike da rubutu, yana cewa bai taɓa sanin talaka na iya miƙewa ya yi magana a irin wurin ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Kwalejin al'umma shekara biyu ce, ana tara kiredit wajen 60, cikakken digiri kuwa yana buƙatar wajen 120. Wanda ke son aikin lauya, ko aikin gwamnati, ko bincike, sai ya wuce jami'a ya ƙarasa. Kuma ba kowane kwas jami'a ke karɓa ba. Na ga wata ɗaliba mai ƙwazo da ke aikin kula da tsofaffi da dare, ta zo da takardar sakamakonta hannunta na rawa, an ƙi lissafa mata kwas huɗu. Kuɗin zango guda da wahalarsa sun tafi, don ba wanda ya faɗa mata tun farko.

Saboda haka, ƙanena, ƙanwata, tun makon farko ku zaɓi jami'ar da kuke hari, ku tambayi mai ba ɗalibai shawara ko akwai yarjejeniyar karɓar kiredit tsakaninta da kwalejinku, ku ce a ba ku a rubuce. Ku kula da sunan shaidar: A.A. an tsara ta ne don mai wucewa jami'a, A.A.S. kuwa don mai shiga aiki kai tsaye. Kada ku guje wa darasin ƙididdiga da na rubutu, domin da su ake tantance ƙuri'ar jin ra'ayi, a kuma kare hujja.

Iyaye, kada ku ji nauyin cewa ɗanku a kwaleji ya fara. Kuɗinta da sauƙi, azuzuwan ba cunkoso, malami ya san shi da suna. Taimakon da yake buƙata daga gare ku shi ne tambaya ɗaya kafin a biya kuɗin rajista: "Wannan kwas ɗin, jami'ar da za ka je za ta karɓa?"