Yaya Kwamfutar Masana'anta Ke Jin Labarin Injin da Ke Nesa?

Wani mai sauraronmu daga Kaduna, ɗalibin aikin lantarki, yana tambaya: ta yaya kwamfutar masana'anta ke sarrafa injin da ke nesa da ita?

To malam, kwamfutar nan ita ake kira PLC. A da, kowane makunni da kowace na'urar auna zafi sai an ja mata wayarta har ɗakin sarrafawa. Yanzu kuwa, ƙaramin akwati ake girkewa kusa da injin, wayoyin duka su ƙare a cikinsa. A jikinsa akwai na'urar sadarwa mai lambar adireshinta. Ita ke tattara bayanai ta aika wa PLC ta kebul guda, ta kuma karɓo umarni: tada famfo, rufe bawul.

Amma sai bakin PLC da na'urar ya zo ɗaya, wato su bi ƙa'idar sadarwa guda. Akwai Modbus, wadda kamfanin Modicon na Amurka ya fitar a 1979, da Profibus ta Jamus. A kan layin sadarwa irin na RS-485, saƙo na iya tafiyar har mita 1,200.

Idan kebul ya tsinke fa? Akan saita na'urar sadarwar tun farko ta kashe abin da take riƙe da shi, don gudun haɗari.