Ciniki da Sadaka da Zumunci a Sharaɗa ta Dā

Wanda ya bi hanyar Sharaɗa yau da sassafe, abin da zai gani shi ne dogayen katangu, da ƙyamaren ƙarfe, da manyan motoci, da ma'aikata suna sauri kada a rufe ƙofa ba su shiga ba. In aka ce masa nan dā gonaki ne da rumbuna, sai ya yi mamaki. Amma haka abin ya ke. Mun ga ya kamata mu ɗan tsaya mu duba zaman mutanen wannan wuri da maƙwabtansu tun ba a kafa masana'anta ko ɗaya ba, musamman wajen abu uku, watau yadda su ke saye da sayarwa, da yadda su ke taimakon matalauci, da yadda su ke zumunci. In mun lura za mu ga ukun nan igiya ɗaya ce aka tufka.

Wurin da Mutanensa

Sharaɗa tana bayan ganuwar Kano ta kudu maso yamma, tsakanin birni da kogin Challawa. Ƙasar da ta kewaye Kano ta daɗe da yin suna wajen cikar jama'a, har ba a barin gona ta huta, ko wace shekara ana nomanta. Abin da ya hana ƙasar gajiya shi ne taki. Da rani jakuna su kan shiga birni ɗauke da itace da kara da hatsi, su komo da mangala cike da taki. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta yi bincike a Ɗorayi, ba nisa da Sharaɗa, littafinta ya fito a 1977. Ta tarar mutanen can ba su dunƙule wuri guda ba, gidajensu a warwatse su ke cikin gonaki, waɗansu kuwa manya ne ƙwarai, gida ɗaya ya ɗauki mutum hamsin ko fiye. To, mutumin irin wannan wuri manomi ne da damina, da rani kuma masaƙi ne, ko marini, ko ɗan koli, ko mai jaki. Ƙafarsa ɗaya tana gona, ɗaya tana birni.

Ciniki

Kasuwa ta fari tana cikin gida. Matan aure ba su fita, amma ba su zauna hannu rabbana ba. Wannan tana dakan fura, waccan tana tuyar ƙosai, wata tana kaɗi, wata tana daddawa. 'Yan mata da yara su ne ƙafafunsu, su ɗauki talla su bi gida gida. Kuɗin da mace ta samu nata ne, miji ba shi da iko a kansu, da su ta ke biki, da su ta ke tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Ta biyu ita ce kasuwar ƙauye, wadda ba kullum ta ke ci ba, sai ranarta. Har yanzu al'adar tana nan, Wudil tana ci ran Juma'a, Dambatta ran Lahadi. Ko wace sana'a da layinta, ga ma'auna, ga mahauta ƙarƙashin Sarkin Pawa, ga maƙera, ga 'yan koli, Sarkin Kasuwa kuwa shi ke raba gardama. Mutum ba don saye kaɗai ya ke zuwa ba. Nan zai ji wa ya mutu, wa ya haihu, ina aka yi ruwa, nawa a ke sayar da mudu a wani gari.

Ta uku ita ce Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Mutumin Sharaɗa ya kan yi sammako ya je can da ƙafa, ya komo kwana gida.

Sai mu duba yadda a ke cinikin kansa. Ba a fara shi sai da sallama da gaisuwa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce, "Albarka." Watau bai yarda ba, amma bai kore shi ba. A yi ta ƙarawa har mai kaya ya ce ya sallama. In abin awo ne, sai a yi gyara, a ƙara ɗan kaɗan bisa abin da aka biya. In babban kaya ne, kamar doki ko riga, sai ta hannun dillali, a ba shi la'ada. Baturen nan Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya ga wani abin da ya ba shi mamaki. Ya ce a kan rubuta sunan dillali a sa cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, in an kai har Barno aka kwance aka tarar da aibi, sai a komo da kayan, dillali ya nemo mai su a mai da kuɗi. Ashe jarin ɗan kasuwa na fari sunansa ne.

Kuɗin zamanin wuri ne. Dokta Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ne a bakin dala guda ta azurfa. Wuri 20,000 shi a ke kira keso, kaya ne sosai. Sabo da haka ƙirga kuɗi ma aiki ne, mutane su zauna su daɗe tare kafin a gama. Bayan zuwan Turawa aka kawo anini da kwabo da sule, anini 10 kwabo guda, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Da kwabo da sule da fam aka yi ta amfani har aka sake kuɗi zuwa naira a 1973.

Sadaka

Tushenta zakka. In hatsin manomi ya kai nisabi, watau mudun Annabi 1,200, sai ya fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar da shi, in kuwa ban ruwa ne na wahala, ɗaya cikin ashirin. Manoma ba su tsayawa dogon lissafi, dami goma a ware guda. A lura da wannan, dami a fili ya ke, kowa yana ganin abin da maƙwabcinsa ya samu, sabo da haka da wuya mutum ya ɓoye. A zamanin sarakunan Fulani hukuma ta kan karɓi zakkar ta hannun dagatai. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a hankali suka haɗa ta da sauran kuɗaɗe cikin haraji guda, duk da haka masu tsoron Allah ba su daina fid da tasu ga malamai da miskinai ba. Ga kuma zakkar fid da kai a ƙarshen azumi, mudun Annabi 4 a kan ko wane mutum na gida, don kada wani ya wayi gari ran Salla ba abin da zai ɗora.

Ban da wadda shari'a ta wajabta, akwai wadda al'ada ta saba. In an kwashe amfanin gona, a kan bar tsofaffi da gajiyayyu su shiga su yi kala. Almajiri ya kan sami gidan da a ke ajiye masa tuwo, uwar gida ta zama kamar uwarsa, shi kuma ya yi mata aike. Baƙon da dare ya yi masa ya nufi zauren mai unguwa ko masallaci, ba ya kwana da yunwa. A birni makafi da kutare har sarakunansu gare su, masu kula da al'amuransu.

Amma wadda ta fi ba mu sha'awa ita ce ciyayya. Da almuru magidanta su kan taru a zaure ɗaya ko ƙofar gida, a fito da akushi daga ko wane gida, a ci tare. Ran da akushin wani bai fito ba, ba mai tambayarsa, ya sa hannu cikin na 'yan'uwa. In an kwana biyu haka, manya sun gane, sai a aika wa iyalinsa da hatsi da dare. An taimake shi, ba a kuwa kunyata shi ba. Wannan hikima ce babba, gama mai mutunci ya fi tsoron roƙo da yunwa.

Zumunci

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda noma ya fi ƙarfinsa, ko ciwo ya kwantar da shi da damina, ya kan kira gayya. Samari su zo da garemani, makaɗi yana zuga su, mai gona ya ba da fura da tuwo kurum. Gobe in an kira ta wani, tilas ya je ko ya aika ɗansa.

Mata kuwa biki gare su. In ƙawarki tana aurar da 'ya ko tana suna, ki kai mata gudummawa, ran da naki ya zo ta mayar miki har da ƙari. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta yi bayanin wannan ƙawance da yadda mata su ke riƙonsa har tsufa. Ga kuma adashi, kowa ya zuba daidai da na kowa, a kwashe bi da bi. Da kaka, in rumbu ya cika, sai dandali ya raya, 'yan mata suna gaɗa, samari suna kokawa, mahauta suna dambe. Nan a ke ganin juna, nan aure ke farawa.

Yanzu sai mu ga yadda igiyar ta haɗu. Wanda ka taya kayansa a kasuwa shi ne wanda ka ci tuwo da shi jiya, shi ne kuma zai zo gayyarka. In ka cuce shi a awo, da wane ido za ka dube shi a zaure?

Inda Igiyar ta Kasa

Kada mu ɗauka zamanin nan duk daɗi ne. Kurmin nan da mu ke yabo, ana sayar da bayi cikinta har zuwan Turawa. Akwai kuma falle, matalauci ya ranci dami da damina ya biya fiye da haka da kaka, baɗi ya sake komawa. Irin wannan tarko ba mu kaɗai ba ne. A ƙauyukan kudancin Amurka bayan yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865, mai kanti ya kan ba manomi kaya bashi sai an ɗebe auduga, da yawa suka mutu ba su fita bashin ba. Biki ma ya kan zama kaya, mace ta sayar da akuyarta don gudun gori. Mafi muni, taimakon maƙwabci yana amfani ne in mutum ɗaya ya rasa. In kowa ya rasa fa? Da ruwa ya yi ƙaranci a 1913, yunwar 1914 ta kashe mutane da yawa a ƙasar Kano, ciyayya ba ta tsai da ita ba, gama ba akushin da zai fito.

Abin da ya Sake

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kantuna suka yawaita a bayan gari. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan famfo daga Challawa zuwa birni. Masana'antu suka fara taruwa a Bompai, sa'an nan daga shekarun 1970 aka yanka filaye a Sharaɗa da Challawa, aka kafa masaƙu da majemu da gidajen roba. Gonaki suka zama katangu. Mutane suka zo daga ko ina neman aiki, suka kama ɗakin haya kusa da wanda ba su san ubansa ba. Daga shekarun 1980 kuma masana'antu da yawa suka rufe, sabo da ƙarancin wutar lantarki da kwararar kayan waje, aka sallami ma'aikata, ga shi ba gonar da za su koma.

Duk da haka tsohuwar al'ada ba ta mutu ba, ta sake riga ne. Ma'aikata suna adashi ran albashi. Mai shago yana da littafin bashi har ƙarshen wata, haka mai abinci a ƙofar masana'anta. In wani ya kwanta asibiti a kan yi masa karo-karo. A 2003 gwamnatin Jihar Kano ta kafa hukumar zakka da hubusi.

Amma akwai abu guda da ya ɓace, shi ne gani. Dā dukiya dami ce, kowa na ganinta, rashi kuma akushi ne da bai fito ba, kowa na lura. Yau dukiya tana banki, ba mai ganinta, mai rashi kuwa yana bayan ƙyauren ɗakin haya, ba mai jin motsinsa. Kakanninmu ba su fi mu tausayi ba ne lalle, zamansu ne ya sa ba su iya kau da kai. Mu kuwa abin da su ke yi bisa sabo, tilas mu yi shi da niyya, mu taka mu je mu duba. Zumunta a ƙafa ta ke.

Aikin da Za Mu Yi

1. Kowa ya nemi dattijo ko dattijuwa a unguwarsu, ya tambaye su yadda a ke gayya da ciyayya, da lokacin da aka bari, ya rubuta da kalmominsu.

2. Manomi ya sami mudun Annabi 1,500 na dawa da ruwan sama, wani ya sami 1,500 na alkama da ban ruwa na wahala. Nawa ne zakkar ko wannensu?

3. Kowa ya ƙirga gidaje goma mafi kusa da nasu. A cikinsu nawa ne zai sani in sun kwana ba su ɗora tukunya ba?

Ta ukun nan ba a kan takarda a ke amsa ta ba. Allah ya sa mu dace, amin.